Tinyar Dutsen Kurciya

Ku kashe a-kori-kurar nan tukuna, hayaƙinta ya ishe ni. Ku zauna. Kun taso tun daga Ƙanƙara kun ce in yanka muku reshen tinya ɗari biyu, wai ƙungiyarku za ta yi bikin dashe ranar Asabar, a ɗauki hoto. Wancan mai jar hular har cewa ya yi ai abu ne mai sauƙi, kaktus ce, wannan tsiron hamada mai ƙaya, ko a kan kwalta ka jefar da ita sai ta kama. To ɗana, ba kaktus ba ce. Wata malamar jami'a da za ku ji labarinta yanzu ta gaya mini kama kawai suka yi, ba dangi ba ne. Sunanta tinya, kuma ba ni da ɗari biyu. Huɗu gare ni. Suna bayan ɗakin can cikin fasasshiyar randa, tsawon kowace bai wuce yatsana ba. Kafin ku gan su sai kun ji yadda aka yi suka zama huɗu.

Sunana Haladu, amma daga Sheme har Faskari in ba ka ce Mai-tinya ba, ba wanda zai nuna maka gidan nan. Sana'ata dasa shinge. Kafin a san waya mai ƙaya a ƙasar nan, in mutum yana son ya kare garkensa ko lambunsa ko makabartar garinsu, mu yake nema. Aguwa kowa ya iya dasa ta, karya ta kawai za ka yi ka soka a ƙasa. Ƙerana ma da sauƙi. Amma tinya sai mu, don farin nonon da ke jikinta in ya taɓa fata sai ta sale, in ya shiga ido kuwa sai dai addu'a. Saniya ba ta kusantarta, akuya da ba ta jin magana ma tana ganinta take canja hanya, ɓarawo kuma sau ɗaya yake gwadawa.

Wajen kawuna Barmo na koya, wan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ido ɗaya gare shi, ɗayan tinya ta karɓe tun yana saurayi, kuma ban taɓa jin ya zage ta ba, kansa yake zagi. Aikin farko da na bi shi shingen makabarta ne a wani ƙauye yamma da Faskari, kuraye sun dame su da tono. Kayan aikinmu ba su da yawa. Adda ɗaya mai kaifi da ba a sarar komai da ita sai tinya, gwafa ta riƙe reshe don kada hannu ya taɓa, buhun toka, rawani na rufe fuska, sai ƙwaryar madara da ake tatsowa da safe a ajiye a inuwa saboda ido. Kafin ya ɗaga adda sai ya ɗebi ƙasa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, sannan ya ba ta baya. Sara ɗaya yake yi, daidai gaɓa. In ka yi biyu reshen ya tsage, tsagagge kuwa ba ya kamawa. Ana sarewa a dangwala bakin cikin toka, a kwantar a ƙarƙashin rumbu kwana tara ko goma, har ciwon ya bushe ya yi ɓawo. Sannan a haƙa rami marar zurfi, a zuba tsakuwa, a tsayar da reshen a busasshiyar ƙasa ana saura kamar wata ɗaya ruwa ya sauka. Ba a ba shi ko ɗigo.

Ni kuwa da ƙuruciya, na ga rassan sun yi yaushi a rana, tausayi ya kama ni. Na faki idon Kawu na zuba wa guda goma sha biyu ruwa da buta. Cikin kwana shida suka yi baƙi daga gindi suka zube. Kawu ya tsaya a kansu ya ce, "Wa ya ji tausayinsu?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ka ga abin da tausayinka ya yi. Wagga aba, wanda ya ba ta ruwa kafin ta nema, shi ya kashe ta." Bai buge ni ba. A wannan aikin ne dai na share zufa da bayan hannu, na yi kwana uku a kwance ana ɗiga mini madara a ido, ina kiran sunan uwata. Da na tashi ya ce yanzu na shiga sana'a.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ya fi tsananta mini, ita za ku riƙe a labarin nan. Kowane mai shinge yana da uwa. Uwa ita ce babbar tinyar da yake yanka daga jikinta, ita kaɗai, ko daga shingen da ya fito daga jikinta. Ta Kawu wajen ubansa ya gaje ta, ni kuma na gada wajensa. A nan bayan gidan take, ta fi ɗaki tsawo. Da ita muke alfahari, don in mutum ya ga shinge ya tashi kai ɗaya, ba dogo ba gajere, sai ya ce wannan ɗiyan uwar Barmo ne. Tinyar dutse kuwa, wadda Allah ya shuka da kansa a duwatsun ƙasar nan, ba mu yanka daga jikinta. Kawu cewa yake ba ta da ladabi. Wata ta yi sauri, wata ta shekara ba ta motsa ba, wata ta karkace, mai garke kuwa shinge yake so ba daji ba. Sannan duk rani muna bi muna datse kawunan shinge don ya yi rassa ya cika, daidai lokacin da fure ke fitowa a kan. Na san ta dutse tana 'ya'ya, amma shekara arba'in ina cikin tinya ban taɓa riƙe irinta a tafin hannuna ba.

Masu kiranmu Fulani ne galibi, sai masu lambu da dattawan gari. Na tuna garken wani Arɗo a hanyar Sabuwa, rani uku muna kewaye shi, kuma duk safiya sai matarsa ta aiko mana da ƙwarya biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta ido. Mafarauta ma suna zuwa neman nonon don dafin kibiya. A cikinsu na san Malam Iro, mutumin wani ƙauye a gindin Dutsen Kurciya, can cikin dajin da ke wajen Sabuwa. Shi bai taɓa karɓar ko ɗigo a wajena ba. Ranar kasuwa yake biyowa ya ci tuwona ya yi mini dariya, ya ce tawa 'yar gida ce, ta sha inuwa ta lalace, in ina son in ga tinya in zo dutsensu. Ni kuma in ce masa ya je ya yi wanka tukuna, warin gafiya yake yi. Haka muka yi shekaru muna tsiya.

Sai waya ta zo, bulo ya biyo ta. Wa zai jira shinge shekara uku, ga abin da za a ɗaure a yini ɗaya? Aiki ya juya. Wanda ubansa ya kira Kawu ya dasa, shi ya dawo yana kirana in cire, wai tana makantar da yara. Na cire. Ina da iyali, kuma ba abin da na iya sai wannan. Daga nan masu fasa dutse suka shigo da nakiya da tifofi. Wani ɗan kwangila a wajen Ƙanƙara ya sa leburorinsa su share masa kan dutse, suka afka wa tinya da adduna ba rawani ba komai, uku daga cikinsu aka kwasa zuwa asibiti, sauran suka ce ko kusa. Aka ce masa akwai mutum ɗaya a Sheme. Kwana goma sha ɗaya na yi a dutsen nan. Na sare su duka, har waɗanda suka girmi kakana, na tara su suka bushe, na cinna musu wuta na koma bayan iska, don hayaƙin ma dafi ne. Aikina ya yi kyau, aka yaba, wani ya gaya wa wani. Dutse bakwai na share da hannun nan. Ba wanda zai iya sai ni, saboda ni na san ta. Kuma wallahi ban ji komai ba a lokacin, don na gaya wa kaina ai ina da uwa a gida, ga 'ya'yanta ko'ina, tinya ba za ta ƙare ba.

Wani rani ina zaune nan inda kuke, mota ta tsaya, wata yarinya ta fito da takalmin hawan dutse a ƙarƙashin hijabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Saudatu, tana koyar da ilimin tsirrai a jami'a. Ta ce mako biyu tana bin duwatsun da tsofaffi suka ce akwai tinya, ba ta samu ba sai ramukan fasa dutse, aka ce ta zo wajena. Ban gaya mata dalilin da ya sa ba ta samu ba. Ta buɗe littafi ta shiga tambaya.

"Baba, guda nawa kake jin suka rage a duwatsu?"

Na ce ban sani ba.

"Wane ƙwaro ne yake zuwa wa furenta? Ƙuda ne, ko zuma, ko tururuwa?"

Na ce ban taɓa lura ba.

"Irinta fa, wata nawa yake yi a ajiye kafin ya mutu? In ya tsiro, shekara nawa kafin ya yi fure?"

Kai! Yarinyar nan ta yi mini tambaya ta fi goma, ban amsa ko ɗaya ba. Ta ce in yi haƙuri, ba gwada ni take ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da ta samu a littattafai kan dafinta ne da maganinta, amma yadda take rayuwa ta haihu, ba ta ga wanda ya zauna ya duba ba. Kuma abin da ba a san yadda yake haihuwa ba, ba a iya tsare shi.

Don in wanke kaina sai na ɗauke ta na zaga da ita shingayen da suka rage. Makabartar nan ta yamma da Faskari, garken Arɗo, wani lambu a bakin rafi, bayan wata makaranta. Na ce ga su nan fiye da dubu, me ake tsoro? Duk inda muka tsaya sai ta ce daga ina aka yanko, in ce daga uwa. Da muka dawo ta tsaya gaban uwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, to ai guda ɗaya gare ka."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Reshe ba ɗa ba ne, Baba. Hannun uwar ne aka kai wani wuri aka dasa. Duk abin da ka nuna mini yau ita ce, ita kaɗai. Ciwon da zai iya kayar da ita zai kayar da su duka. Na dutse kowace daga iri ta fito, kowace da ubanta, shi ya sa kowace da halinta. Wannan rashin ladabin da ka faɗa, shi ne ƙarfinsu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "'Yar nan, tun ba a ɗaura auren uwarki ba nake wannan aiki. Uwar nan ta ga fari, ta ga wuta, ta ga fara, tana tsaye." Ta ce Allah ya huci zuciyata, ta rubuta lambarta a takarda ta ba matata, ta tafi.

Damina biyu bayan nan aka yi ruwan da ƙasa ta ƙi sha. Sati uku ba mu ga rana sosai ba. Daga makabarta aka fara aiko mini, wai shinge yana wari. Na je na tarar gindin ya yi baƙi, in ka danna da gwafa sai ya lotsa, ruwa mai ɗoyi ya fito. Na sare masu ciwon, na zuba toka, na haƙa wa ruwa hanya. Kafin in dawo gida an aiko daga garken Arɗo. Daga can sai lambu. Na riƙa gudu daga wannan zuwa wancan da addata, ina sarewa gaba da ciwon, yana riga ni. Har yau ban sani ba ko addar tawa ce ta riƙa kai shi. Na tambayi Malama Saudatu daga baya, ta ce mai yiwuwa ne, amma ba a duba ba balle a sani. Abin da na gani da idona shi ne duk iri ɗaya suka mutu, ba wadda ta yi gardama, ba wadda ta ƙara ko sati a kan 'yar'uwarta. Uwar kuwa ranar Juma'a ta faɗi, muna masallaci. Na dawo na tarar ta kwanta a kan dangar maƙwabcina. Na yanki rassan sama da suka yi kama da masu lafiya na kwantar a toka, su ma kafin kwana goma sun bi ta. Ba a kai ga girbin gero ba sai da na rasa komai.

Ranar kasuwa Iro ya biyo. Ya ga wurin da uwar take, bai yi dariya ba. Ya ce a dutsensu ma ciwon ya shiga, ya kayar da wasu, amma da yawa ko a jikinsu, har akwai wadda ta ruɓe rabi ta warke. A ranar na ce wa matata ta nemo mini takardar nan.

Ƙarshen rani Malama ta dawo, lokacin da furen ya fara zama 'ya'ya. A lokacin an riga an fara ɗaukar mutane a dajin, don haka Iro ya ce mu shigo da safe cikin ayarin 'yan kasuwa, mu fita kafin la'asar. A babur muka je, hanyar nan kun san ta, rabi tafiya rabi turi. Da muka hau dutsen na ga abin da Iro yake faɗa mini shekara da shekaru. Suna tsaye cikin tsagar dutse inda ko ciyawa ba ta kamawa, wata siririya, wata mai kauri, wata toka-toka, wata ta kwanta ta sake tashi. Malama ta ƙirga sittin da 'yan kai. Ta nuna mini 'ya'yan, kowane ɗaki uku ne, ƙwaya ɗaya a kowane ɗaki. Ta ce in sun bushe fashewa suke su harba irin, ya faɗa inda ba mai ganinsa. Shi ya sa tun a gida ta sa matata ta ɗinka mana 'yan jakunkuna da tsohon gidan sauro. Ni na ɗaura su, don ni na iya shiga tsakanin rassa. Arba'in na ɗaura, ita kuma tana rubuta lamba a ƙyalle tana maƙalawa, don a san kowane iri daga wace uwa ya fito.

Kafin mu sauka ta ce, "Baba, mu yanki rassa yau, ko guda ashirin, daga uwaye daban-daban." Na ce a'a. Ba a yanka tinya tana ɗauke da 'ya'ya, nononta yana sama, reshen zai tsiyaye ya bushe. A bari sai mun dawo ɗaukar jakunkuna nan da sati uku, lokacin ya yi daidai. Maganata gaskiya ce a sana'a, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Ta ce to, ni na fi ta sani. Da na yanka a ranar, ko rabi ne suka kama, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba.

Ta juya wajen Iro ta ce ya riƙa leƙawa, kada birai su tsinke jakunkunan. Na ce masa, "Amana ce fa, mai warin gafiya." Ya ce, "Na karɓa. In sun fara fashewa da tsakar rana ina ji daga gonata."

Kwana goma sha shida bayan nan 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da hantsi, mutane sun fita sharar gona. Labari ya iso Sheme kafin azahar. Kashegari na tafi Faskari, inda aka sauke waɗanda suka tsira a wata makarantar firamare. Na bi aji-aji ina tambayar Iro. Wata mata ta nuna mini matarsa Dije, tana zaune a bakin baranda da ƙullin kaya a gabanta. Tana ganina ta gane ni, ko da yake sau biyu kawai ta taɓa kawo mini ruwa a gidansu.

Ta ce da aka ji baburan daga nesa, kowa ya yi rafi, don ta nan ake ɓullewa. Iro ya kai su har bakin rafin, ita da yara. Sai ya tsaya ya ce su yi gaba, in mutanen nan suka zauna a garin ba mai sake hawa dutsen bana, kuma tun shekaranjiya yake jin abin yana fashewa. Ta ce masa, "Malam, don Allah ka bari." Ya ce akwai hanya ta bayan dutse, ya san ta, yanzu zai cim musu. Da yamma 'yan sa-kai suka shiga kwaso gawawwaki, suka same shi a gindin dutsen, ta wajen saukowa.

Ta kwance ƙullin ta ciro burgaminsa, jakar fatar nan ta mafarauta, ta miƙo mini. Ta ce, "Ga abin da ya koma ɗaukowa. Ka duba, Malam, ko ya isa." Na buɗe. Jakunkuna goma sha ɗaya ne, da lambobinsu. Hannunsa ma, in ji wanda ya yi masa wanka, duk ya sale, don ba gwafa ba rawani ya shiga. Na mayar da su cikin burgamin. Ni na ce masa amana ce, da bakina, ina wasa.

A gida na shimfiɗa farin ƙyalle na zazzage su, kowace jaka da tulinta da lambarta. Ƙwaya hamsin da ɗaya, kowace kamar ƙwayar dawa. Na kira Malama. Ta yi kuka a waya, ta ce wurin aikinta sun hana kowa shigowa yankin nan. Na ce to ta gaya mini yadda ake shukawa. Ta ce, "Baba, ban sani ba. Ba ni da wanda zan tambaya. Ka raba su, kada ka zuba duka a hanya ɗaya, ka sa a rubuta duk abin da ka yi."

Haka na yi. Goma na sa a baƙar ƙasar lambu, suka ruɓe ko kai ba su fito da shi ba. Goma a yashi ina yayyafa ruwa, shida suka tsiro, na yi murna na kira ta, kafin sati suka kwanta daga wuya. Goma na aika mata ta hannun direba, biyu suka fito a ɗakin gwajinsu suka mutu, ba ta san dalili ba. Goma na ƙulle na ajiye sai wata shekara don a ga ko iri yana jira, da na shuka ko ɗaya bai motsa ba. Kowace ƙwaya da ta lalace na san abin da aka biya aka kawo ta. Sha ɗayan da suka rage, na daka dutse da guduma na cika fasasshiyar randa, na barbaɗa ɗan ruɓaɓɓen ganye a tsaga, na ajiye a ƙarƙashin indararo ta gefen da sai feshi ke kaiwa, na ɗaure hannuna na ƙi taɓa su. Tara suka fito. Kaza ta tone biyu, na yanka ta a ranar. Biyu suka bushe a bazara, ko ƙishi ne ko wani abu, oho. Biyar suka yi shekara biyu. Bana ɗaya ta yi baƙi daga gindi, na cire ta da sauri na ƙona. Saura huɗu, daga uwa uku.

Dutsen kuwa, ba wanda ya hau tun ranar. Wasu sun ce mutanen sun yi sansani a gindinsa, sun sare tinyar sun ƙone don tana makantar musu da shanun sata. Wasu sun ce an hango ta tana tsaye. Ban sani ba. Jakunkuna ashirin da tara na bari a can.

To kun ji abin da kuka zo ɗiba da a-kori-kura. Ba zan yanki ko ƙaya daga jikinsu ba. In aiki kuke so ba hoto ba, akwai shi, sai dai ba ya ƙarewa ranar Asabar. Idona ya fara hazo, tinya ta karɓi rabonta a hankali. Ina son mai ido da zai riƙa zuwa yana auna su da zare yana rubutawa. Ina son wanda zai bi tsofaffin Ƙanƙara da Sabuwa gida-gida ya tambaye su wane dutse ne suka taɓa ganin tinya, kafin su ma su tafi. Bakwai daga ciki kada ku wahala, ni zan gaya muku babu. Kuma ran da waɗannan suka yi fure, in sun yi, in ina raye ko ba na raye, sai an sami wanda zai zauna gabansu tun safe har yamma ya ga abin da zai sauka a kai. Ƙila ƙwaron da take jira yana nan cikin gari. Ƙila sai a dutse. In ba ya nan, huɗun nan za su tsufa su mutu ba ɗa, Iro ya hau a banza.

Dije tana Faskari har yanzu, tana wankau a gidajen mutane. Duk shekara in an yi ruwan fari takan shigo mota ta zo ta gan su. Makon jiya ta zo. Ta gaisa da matata, ta zaga bayan ɗaki, na bi ta. Ta durƙusa gaban randar ta ƙirga da yatsa daga nesa, yadda na koya mata. Ta ce, "Malam, bara biyar na ƙirga." Na ce haka ne. Ta daɗe tana kallonsu. Rana ta buge su, sun yi yaushi kamar yadda suke yi. Sai na ga ta miƙa hannu ta jawo butar alwalata ta karkata bakin. Na yi wuf na riƙe butar. Na ce, "Kada ki ba su. Ruwa ke kashe su."

Ta saki butar. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To me zan yi musu?"

Na ce ban sani ba. Shekara hamsin ina wannan sana'a, abin da na samu na gaya mata ke nan.